Jakar da Ta Ƙi Tsayawa Kan Littafi

Shekara tara ke nan Malam Kwana-Uku yana kwaɗayin makulli guda ɗaya. Wani tsohon makulli ne da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, shi ke buɗe ɗakin da ke can ƙuryar laburaren jami'a, inda ake ajiye tsoffin littattafai rubutun hannu. Duk wanda ke riƙe da makullin nan, ko shugaban laburare sai ya ƙwanƙwasa kafin ya shiga wajensa. Manyan malamai masu furfura su zo su tsaya a bakin ƙofa suna "ko za a taimaka mana." Shi kuwa Malam Kwana-Uku teburinsa yana bakin ƙofar shiga, aikinsa buga hatimi a kan littattafan aro da cewa ɗalibai su yi shiru, alhali duk ginin babu wanda ya kama ƙafarsa a surutu.

Sunan ma bakinsa ne ya jawo masa. An taɓa tura shi kwas na kwana uku kan koyarwa da wayar hannu. Ranar farko ya makara, ranar ƙarshe rabon takardar shaida aka yi, amma tun da ya dawo ba a sake yin magana a gabansa ya bari an kai aya ba. Ko zancen gyaran famfo ake yi sai ya gyara zama ya ce, "Ai a kwas ɗin da muka yi..."

To, ana nan sai ga labari: Baba Mai-Makulli, dattijon da ya shekara talatin yana kula da ɗakin, zai ajiye aiki ƙarshen wata. Shugaba ya tara su a ofishinsa. Mutum biyu ne a layin gado, Malam Kwana-Uku da wata mata da ake kira Mai-Gyara, wadda ke zama a wani ɗan lungu da buroshi da siririyar takarda tana liƙe shafukan da gara ta ci. Sai ta wuni ba ka ji bakinta ba in ba gaisuwa ba.

"Na sama sun ce ɗakin nan ya zama maƙabarta," in ji Shugaba. "Ɗalibai ba sa shiga. Nan da mako biyu ina so a yi darasi a ciki, in gani da idona. Wanda ya iya sa ɗalibai su amfana da littattafan nan ba tare da an lalata ko shafi ɗaya ba, shi zai karɓi makulli."

Bai rufe baki ba Malam Kwana-Uku ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ka ɗauka an gama. Akwai manhajar da muka koya. Ɗalibi zai ɗaga wayarsa ya saita kyamara a kan shafi, ko taɓa shi ba zai yi ba. Sai abin da aka zana a shafin ya miƙe tsaye a cikin wayar, yana motsi, murya tana bayani."

Baba Mai-Makulli ya leƙo ta saman tabarau. "Wa zai miƙar da shi?"

"Ni mana, Baba."

"To Allah ya sa ya koma ya kwanta in an gama. Ni dai a kwance na karɓe su, a kwance nake so in miƙa."

Shugaba ya juya wajen Mai-Gyara ya tambaye ta nata shirin. Ta ce ita za ta taimaka wa abokin takararta da riƙe shafi ne kawai. Malam Kwana-Uku ya dube ta, har tausayinta ya kama shi.

Da yamma bai shiga gida ba sai da ya biya ta shagon telan da ke maƙwabtaka da su, inda mai aski ke zuwa hira in ba shi da kai a hannu.

"Ku shirya," ya ce musu. "Littafin da ya shekara ɗari biyu bai ce uffan ba, ni zan sa shi magana."

Tela bai ɗaga ƙafa daga keke ba ya ce, "Rediyona da ka karɓa bara ka ce za ka gyara, har yau bai yi magana ba."

"Rediyo ai tsohuwar fasaha ce."

"Littafin fa?" in ji mai aski.

"Ku matsalarku ke nan, jahilci da gardama. Ku zo ranar, gani ya kori ji."

A gida ya tarar da matarsa tana yanka albasa. Ya tsaya a ƙofar kicin ya riƙe ƙugu.

"Maman yara, ki fara koyon tafiyar matar babban mutum."

"Babban mutum ya fara mayar mana da ƙofar banɗaki da ya cire tun watan jiya. Inna za ta zo ganin jikokinta jibi, ba zan sa uwata ta yi wanka tana riƙe da labule ba."

"Inna za ta zo? Abin nema ya samu! Ki kawo ta wajen darasin, ta ga irin mijin da 'yarta ta samu."

"Ta daɗe da gani," in ji matar, ta ci gaba da yankanta.

Washegari aka fito masa da littafin da ya zaɓa. Littafin maganin dabbobi ne, shafukansa warwatse a cikin wata tsohuwar fata, ba ɗinki. A wani shafi marubucin ya zana jaka, wato macen jaki, ya ɗiga alamomi a jikinta inda ciwo ke zama. Kafin a bari ya matso sai da Baba ya karanta masa dokokin ɗakin: a wanke hannu, ba a shiga da biro, ba a kunna hasken kyamara, ba a ɗaga labule, fanka kuwa ko kallonta ba a yi. Malam Kwana-Uku ya ce duk ya sani, ya goge hannu a wando.

Yadda manhajar take, sai an fara nuna mata hoton shafin, ta haddace shi, don duk ranar da ta sake ganinsa ta san a nan za ta tsayar da jaka. Ya ɗauki hoto, ya duba, ya taɓe baki. Shafi ruwan ƙasa, tebur ruwan ƙasa, tawada ta koɗe.

"Wannan ai kamar tsohon buhu ne. Ni ba na aikin da ba shi da fasali."

Da gari ya waye ya buɗe durowar matarsa tana can tana shirya yara, ya zaro sabon turmin atamfa da ko ninkinsa ba a warware ba, shuɗiya mai manyan jajayen tsuntsaye, ya cusa a ƙarƙashin hammata ya fice. Da ya baza ta a teburin ɗakin littattafai, saura kaɗan Baba ya haɗiye tabarau.

"Rinin nan zai taɓa min takarda? Sai dai in bayan raina!"

Aka yi ta ja-in-ja har aka daidaita: za a sa farar takarda daidai girman shafin a ƙarƙashinsa, atamfa ta kewaye. Mai-Gyara ta ɗora shafin a hankali, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, da an bar shi a kan farar takarda kawai. Ina jin abin nan yana kama abin da ya fi fitowa ne a hoto, tawadar nan kuwa ta dushe. Kada ya haddace tsuntsaye ya bar shafi."

"Kin yi kwas ɗin?"

"A'a."

"To."

Ya ja da baya ya ɗauki hoton daga nesa don adon ya fito sosai. Shafin ya zama ɗan mitsitsi a tsakiyar tsuntsaye goma sha biyu.

Saura jaka da murya. Jakar bai sha wuya ba, a cikin manhajar akwai dabbobi iri-iri, ya zaɓi wata toka-toka mai kaɗa kunne, wadda take fara kuka kafin komai. Ya liƙa mata jajayen kibiyoyi a baki da ciki da ƙafa. Bayanin ne ya so ya ba shi matsala, domin shekara tara yana son ɗakin nan amma ko layi ɗaya na irin wannan rubutu bai iya karantawa ba. Ya ce wa Baba ya ɗan taƙaita masa, wai idonsa ne ke ruwa. Baba ya taƙaita. Malam Kwana-Uku ya shige sito ya rufe ƙofa, ya yi gyaran murya irin ta masu karanta labarai, ya naɗi abinsa:

"Jama'a, ku duba da kyau. Wannan tsohuwa ce tukuf. Ana gane tsufanta ta haƙora, ga su nan sun zube. Ku dubi kumburin cikin nan, alamar cin abin da ba a ba ta ba ne. Halinta taurin kai da harbi. Kada kowa ya tsaya a bayanta."

Da Baba ya saurara ya ce, "Ba haka mai littafin ya faɗa ba."

"Gishiri na ƙara, Baba. Ɗaliban yanzu sai da gishiri."

Bayan kwana biyu aka zo gwaji, shafi yana nan a tsakiyar atamfa. Ya ɗaga waya. Jaka ta yi tsalle ta miƙe a kan tebur, ta kaɗa kunne, ta kwarara kuka, muryarsa ta biyo baya. Malam Kwana-Uku ya yi wata 'yar rawa da bai san ya iya ba. Har Baba sai da ya matso ya leƙa bayan wayar, ya ga babu komai, ya sake leƙa gaba ya ce, "Ikon Allah." Mai-Gyara ta ce ko za a sake gwadawa ba atamfa. Ya ce mata wanda ya ƙware ba ya gwaji biyu.

Ranar ya mayar da atamfar durowa. Matar da ta kwana biyu tana birkita ɗaki ta ce, "Ikon Allah, nan fa na duba sau uku." Ya ce, "Ba kya duba abu da natsuwa ne." Ita dama uwarta ta saya wa, don haka da safe ta kai wa tela ya ɗinka wa Inna riga da zani, ita kuma matar ya fitar mata da ɗankwali a ragowar. Malam Kwana-Uku ya zauna a shagon nan yana cika baki tela na ɗinka tsuntsayen a gaban hancinsa, bai lura ba. Dama shi mutum ne da in ka tambaye shi kalar kayan da matarsa ta sa yau, sai ya ce na mata.

Ranar darasi ta zo. Ɗalibai ashirin da biyar suka jeru, kowa an sa masa manhajar a waya. Ga Shugaba a kujerar gaba da malamai uku, ga tela da mai aski a jikin bango sun sha wanka. Shafin jaka yana cikin akwatin gilashi a kan farin ƙyalle, sauran shafukan littafin suna kan faranti a wani tebur na gefe, Mai-Gyara na tsaye kusa da su. Matarsa da Inna ba su iso ba tukuna. Ya so ya jira su, amma Shugaba ya dubi agogo.

Ya yi jawabin minti arba'in. Ya faro daga ranar da aka haife shi, ya biyo ta kwas, ya gode wa Baba "wanda ya yi iya ƙoƙarinsa daidai zamaninsa." Sannan ya ɗaga hannu sama.

"Ku ɗaga wayoyinku. Ku saita a kan shafi. Mai raunin zuciya ya riƙe na kusa da shi."

Wayoyi ashirin da biyar suka tashi. Shiru. Shafi yana nan kwance yadda yake tun shekara ɗari biyu.

"Malam, ba mu ga komai ba."

"Haƙuri. Tana shiri ne."

Aka jira. Wani ya yi tari.

"Sabis ne," in ji Malam Kwana-Uku. "Ginin nan ba ya riƙe sabis."

"Malam, ni nawa a cike yake."

"To wayarka ce ƙarama."

"Irin taka ce, Malam."

Zufa ta fara tsattsafo masa a goshi. Ya ɗauki tasa wayar ya saita, ya matsa kusa, ya ja baya, ya karkata kai, ya goge kyamara da bakin riga. Ko kunnen jaka bai gani ba.

"Duhu ne ya yi yawa," ya ce, ya nufi taga ya kama labule.

"Sauke hannunka!" Baba ya daka tsawa, irin wadda ba a taɓa ji daga bakinsa ba. "Rana ta taɓa min tawada, ni da kai ne."

Daga jikin bango tela ya ce wa mai aski, da muryar da kowa ya ji, "Dangin rediyona ne."

Ɗalibai suka fara ƙunshe dariya. Malam Kwana-Uku ya tuna cewa daga sama ya ɗauki hoton, sai ya jawo kujera ya haye, ya miƙa waya saman akwatin. Kujerar dama ƙafarta ɗaya gajeriya ce. Ta yi gefe, ya kai hannu zai dafa bango, gwiwar hannunsa ta sauka a kan makunnin fanka. Fankar da ta shekara ba ta motsa ba ta yi ƙara ta fara juyi, ƙura na zubowa. Shafukan da ke kan faranti suka fara ɗaga kai. Kafin kowa ya ce wani abu Mai-Gyara ta kifa jikinta a kan farantin ta rufe shi da hannu biyu, Baba ya yi tsalle irin na saurayi ya kashe fanka. Shi kuwa gogan ya diro daga kujera yana rungume da wayarsa a ƙirji, yana duba ko ta fashe.

"Ba abin da ya faru," ya ce yana haki. "Duk cikin shiri ne."

Daidai nan ƙofa ta buɗe. Matarsa ta shigo tana ba da haƙuri, wai cunkoson motoci ne ya riƙe su. Bayanta ga Inna, mace mai jiki da kwarjini, tana takawa ɗaya-ɗaya cikin sabuwar riga da zani, jajayen tsuntsaye tun daga wuya har idon sawu. Wata ɗaliba da ke kusa da ƙofa ta juya za ta ba su hanya, wayarta na ɗage a hannu.

Kukan jaka ya cika ɗakin.

Ɗalibar ta saki ƙara. "Ga ta! Wallahi ga ta nan!"

Wayoyi ashirin da huɗu suka juya lokaci guda. A cikin kowace waya, jaka toka-toka ta tsaya cak a jikin Inna tana kaɗa kunne, jar kibiya ɗaya tana nuna baki, ɗaya tana nuna ciki. Sai muryoyi ashirin da biyar, duk na Malam Kwana-Uku, wata na bin wata, suka ɗauka:

"Jama'a, ku duba da kyau. Wannan tsohuwa ce tukuf... tsohuwa ce tukuf... tukuf..."

Inna ta tsaya. "Muryar wa nake ji haka kamar ta baban yaran nan?"

"Ana gane tsufanta ta haƙora, ga su nan sun zube."

Inna ta kai hannu ta rufe baki, domin haƙoranta biyu na gaba bara suka yi sallama da ita. Mai aski ya zame a jikin bango ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Ɗaya daga cikin malaman ya cusa hula a baki. Shugaba ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa, kafaɗunsa na rawa.

"Ku kashe! Ku sauke wayoyin!" Malam Kwana-Uku yana ihu yana bin ɗalibai. In ya danne wannan, waccan ta faro daga farko.

"Wai me suke kallo a jikina?" in ji Inna. Ta fizge wayar wata ɗaliba ta leƙa. Da yake 'yarta ce a gabanta, kyamarar ta faɗa kan ɗankwali, sai ga 'yar ƙaramar jaka tsaye a tsakiyar kan matar Malam Kwana-Uku tana kaɗa jela. Inna ta fashe da dariya har da tafa cinya.

"Ke! Jaki a kanki!"

Matar ta karɓi wayar ta juya ta kan uwarta, ta daɗe tana kallo. "Inna, naki ya fi girma."

Dariyar Inna ta ɗauke. A cikin shirun nan wata waya da ta makara ta faɗi nata a sarari: "Ku dubi kumburin cikin nan, alamar cin abin da ba a ba ta ba ne."

Inna ta juyo a hankali ta dubi surukinta.

"Kwana goma na yi a gidanka. Ashe ƙirga min loma kake yi?"

"Inna, wallahi ba da ke nake ba, da jaka nake..."

"Da jaka kake. To ga jama'a sun ji."

"A'a, ina nufin jakar littafi, ita ce ta... ke kika... atamfar ce, Inna!"

"Atamfa?" in ji matarsa. Ta dubi rigar uwarta, ta dube shi. "Atamfar da na kwana biyu ina nema, ka ce ba na duba abu da natsuwa? Ashe kai ka ɗauke ta?"

"Aro na yi, don ci gaban ilimi."

Ya tuɓe kwat ɗinsa ya nufi Inna zai lulluɓe tsuntsayen. Ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya tsaya kamar an dasa shi. Ta gyara mayafi ta juya za ta fita, wayoyin da ke bayanta suka ce gaba ɗaya, "Halinta taurin kai da harbi. Kada kowa ya tsaya a bayanta." Ɗaliban da ke wajen suka watse gefe ba su san sun yi ba. Tela ya fita waje da gudu, ana jiyo dariyarsa daga baranda.

Malam Kwana-Uku ya so ƙasa ta tsage ya shige. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ƙarƙashin kunyar akwai tsoro, don ya ga makulli yana nisa da shi.

Mai-Gyara ce ta tare ƙofa. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta jawo mata kujera mai ƙafa huɗu daidai, ta zaunar da ita a bayan kowa inda ba waya da za ta kalle ta. Ta ce wa ɗalibai kowa ya kashe sautin wayarsa. Sannan ta je wajen matar Malam Kwana-Uku.

"Yaya, ki ara min ɗankwalin nan na ɗan lokaci."

Matar ta cire ta ja mayafi ta rufe kai. Mai-Gyara ta ninke ɗankwalin ta shimfiɗa shi a saman gilashi, gefen shafin, inda ba zai taɓa takarda ba. Ta ce a saita. Jaka ta miƙe a kan akwatin, dab da zanen da aka yi mata shekara ɗari biyu da suka wuce, kibiyoyinta suna nuna inda ɗige-ɗigen marubucin suke. Ɗalibai suka yi "kai!" suka matso.

"Baba, karanta mana abin da ya rubuta a nan wajen baki," in ji ta.

Baba ya gyara tabarau ya karanta a hankali, yana mayarwa da magana mai sauƙi. Marubucin ya ce idan jaka ta tsufa haƙoranta suka lalace, a rage mata kaya, a jiƙa mata abinci ya yi laushi, kada a dake ta don ta rage sauri, domin da ƙarfinta aka gina gidan.

"Ka ji mai hankali," in ji Inna daga baya. "Allah ya ji ƙan wannan bawan nasa. Shi ko kwas bai yi ba."

Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Wani ya tambayi da me aka yi tawadar, wata ta tambayi yadda ake gane jerin shafuka tunda ba lamba. Mai-Gyara ta nuna musu kalmar da marubuci ke ɗigawa a ƙasan kowane shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Ta yi magana a ranar fiye da abin da ta yi a shekara. Darasin minti talatin ya kai awa ɗaya da rabi, har ɗalibai huɗu suka rubuta suna za su dawo.

Da Malam Kwana-Uku ya ga abin ya yi kyau, sai ruhinsa ya fara dawowa. Ya mayar da kwat, ya matsa kusa da Shugaba yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, ka dai ga aiki. Dama dabara ce ta koyarwa, a fara sa ɗalibi dariya, zuciyarsa ta buɗe, sannan..."

"Baban yara," in ji Inna, "rufe mana baki."

Ya rufe.

Shugaba ya miƙe ya share hawayen dariya. "Manhajarka ta yi aiki, Malam, kuma za mu ci gaba da amfani da ita, in an sake hoton an sake muryar. Wannan ƙoƙarinka ne, ba zan hana ka ba. Sai dai lokacin da fanka ta tashi ina kallo. Na ga wanda ya rungume wayarsa, na ga wadda ta rungume littafi."

Ya dubi Baba. Baba ya ciro makullin daga aljihu, ya ɗan jujjuya shi a tafin hannu, ya miƙa wa Mai-Gyara. Ɗalibai suka tafa. Malam Kwana-Uku ma ya tafa, sau biyu.

Aka watse. Matarsa ta karɓi ɗankwalinta ta kama hannun uwarta suka wuce ta gabansa ba wadda ta dube shi, sai Inna da ta ce wa iska, "Yau ba zan ci abincin gidan ba, kada cikina ya ƙara kumbura." Baba ya dafa kafaɗarsa ya fita. Shi kuwa ya zauna a kujera mai gajeriyar ƙafa, yana kallon Mai-Gyara tana mayar da shafuka cikin fatarsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ya son zuwa gida, kuma ba ya son barin ɗakin. Sai yanzu ya lura da ƙamshin tsohuwar takarda da fata da ke wurin, ya ji yana son ɗakin da gaske, abin har ya ba shi haushi.

Ta gama, ta kashe fitila, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, zan rufe."

Ya tashi ya fito. Ta ja ƙofa, ta sa makulli. Ya yi gyaran murya.

"Kin ga, makullin nan yana da tauri. Sai wanda ya san kansa. Kawo in nuna miki."

Ta dube shi. Ta san bai taɓa riƙe shi ba, shi ma ya san ta sani. Ta matsa gefe.

Ya kama makullin. Sanyi gare shi, kuma ya fi yadda yake zato nauyi. Ya murɗa, ya ji ƙarfen ya faɗa wurinsa, ƙas, ba wani tauri. Ya zare shi ya tsaya yana kallonsa a hannunsa.

Mai-Gyara ta miƙo tafin hannu. Ya daɗe kafin yatsunsa su buɗe.